Tambaya da Amsa: Wasan Zamiyar Maza a kan Ƙanƙara a Gasar Olamfik ta Hunturu

Tun da aka kammala gasar Olamfik ta lokacin hunturu wadda birnin Milan da garin Kortina na ƙasar Italiya suka karɓi baƙuncinta a watan Fabrairun 2026, wasiƙu suke ta shigowa wannan fili a kan wasan zamiyar salo da maza ke yi a kan ƙanƙara, kuma mafi yawansu daga Katsina da Daura suka fito. Na taƙaita tambayoyin, na haɗe waɗanda suka yi kama da juna, ga amsoshinsu gwargwadon hali.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata rana a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, kafin a fara wasan dare, mai gidan ya kamo wata tasha muka ga maza suna zamiya a kan ƙanƙara ana sa musu kiɗa, suna tsalle suna juyi a sama. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, wani ya faɗi warwas ya tashi ya ci gaba, amma da aka fitar da sakamako sai ya fi wanda bai faɗi ba maki. Shin wannan rawa ce ko wasan gasa, kuma da me ake gane wanda ya ci? Daga wani tela a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam tela. Wasan gasa ne mai hukumarsa da dokokinsa, kuma ya girmi gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa da shekaru masu yawa. Hukumar da ke kula da shi, wato ISU, an kafa ta a 1892, kuma hedikwatarta tana birnin Lozan na ƙasar Suwizalan. An yi gasar duniya ta farko a 1896 a birnin San Fitasbag na Rasha, sannan wasan ya shiga Olamfik a Landan a 1908, tun kafin a fara gasar Olamfik ta hunturu a garin Shamoni na Faransa a 1924.

Kowane ɗan wasa sau biyu yake fita fili, shi kaɗai, a dandalin ƙanƙara mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30. Fitar farko ita ce gajeren wasa, na minti 2 da daƙiƙa 40, wanda a cikinsa wajibi ne ya kawo abubuwa bakwai: tsalle uku, juyi uku a wuri ɗaya, da jerin takun ƙafa mai wuya. Mutum 24 da suka fi maki su ne ke wucewa zuwa dogon wasa na minti 4, inda a ƙa'idar da aka yi gasar Milan da ita ake ba mutum damar yin tsalle har bakwai. Makin fita biyun ake haɗawa a fitar da zakara.

Makin kansa kashi biyu ne. Na farko na abubuwan da aka yi ne ɗaya bayan ɗaya, domin kowane tsalle da kowane juyi yana da asalin makinsa a rubuce tun kafin a shiga fili. Akwai kwamitin ƙwararru na mutum uku waɗanda aikinsu shi ne su faɗi sunan abin da aka yi, su duba faifan bidiyo a hankali su tabbatar cewa zagayen ya cika kafin ƙafa ta taɓa ƙanƙara. Sannan akwai alƙalai tara da ke duba kyan aikin, kowanensu ya ƙara ko ya rage daga mataki 5 ƙasa zuwa mataki 5 sama, kuma a tsalle kowane mataki kashi ɗaya cikin goma ne na asalin makin. Ana jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a ɗauki matsakaicin sauran bakwai ɗin. Kashi na biyu shi ne na yadda aka tsara wasan, da yadda aka gabatar da shi daidai da kiɗan, da ƙwarewar mutum wajen zamiyar kanta. Wannan kashin yana da iyaka, kimanin maki 50 a gajeren wasa da 100 a dogo, amma makin tsalle ba shi da irin wannan rufin, kuma wannan ne ya sa samarin yanzu suka duƙufa a kan tsalle.

Ga lissafin abin da kuka gani. Tsallen da ake kira Luz, idan mai zagaye huɗu ne, asalin makinsa 11.50 ne, idan kuwa mai zagaye uku ne 5.90. Wanda ya cika zagaye huɗun sannan ya faɗi, alƙalai za su zaftare masa rabi, ya rage da 5.75, a kuma cire maki ɗaya na faɗuwa daga jimillarsa. Ya yi asara, amma a tsalle ɗaya kaɗai. Idan a sauran wasan ya sauka lafiya daga tsalle huɗu masu zagaye huɗu, kowanne yana kawo masa maki goma ko fiye, to wanda ya tsaya a kan masu zagaye uku, waɗanda yawancinsu ba su wuce maki huɗu zuwa shida ba, ba zai kamo shi ba ko da bai yi tuntuɓe sau ɗaya ba. Akwai ma abin da ya fi faɗuwa muni wanda idon mai kallo ba ya saurin kamawa, wato ɗan wasa ya tashi da niyyar zagaye huɗu, sai ya ji jikinsa ya karkace a sama ya buɗe hannuwa, ya sauko da zagaye ɗaya ko biyu. Zai sauka a tsaye lafiya lau, jama'a ma su tafa, alhali abin da ya samu bai wuce maki ɗaya ko biyu ba. Saboda haka idan kuka sake kallo, ku lura da ɗan akwatin lissafi da ke kusurwar allon talabijin, shi ne yake nuna yadda makin ke taruwa tun mutum yana cikin fili.

TAMBAYA: Malam, ina koyar da kimiyyar fiziks a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a nan Daura, kuma ɗalibaina sun tambaye ni yadda mutum zai zagaya sau huɗu a sama ya sauka a kan ƙarfe siriri bai faɗi ba, da kuma dalilin da ya sa jiri ba ya kwasarsu. Ina neman ƙarin bayani da zan kai musu aji.

AMSA: Malama, Allah ya ƙara basira. A fara da takalmin. Na fata ne mai tauri ƙwarai wanda yake riƙe idon sawu kam, a ƙarƙashinsa an ɗaura ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 4. Ƙasan ƙarfen ba a baje yake ba, an wasa shi da ɗan kwari a tsakiya, ta yadda yake da kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma a gabansa akwai haƙora da ake cakawa a ƙanƙara. Duk sirrin wasan yana cikin waɗannan kaifi biyu, domin idan mutum ya kwanta a kan ɗaya daga cikinsu sai ya yanki ƙanƙara ya bi da shi a lanƙwashe, daga nan ne gudu da juyawa suke fitowa.

Tsallen da ake ba maki iri shida ne. Uku daga cikinsu, wato Tolub da Filib da Luz, ana tashinsu ne da taimakon haƙoran ɗaya ƙafar da ake cakawa a baya. Sauran ukun, Salko da Lub da Aksal, daga kaifin ƙarfen kaɗai ake tashi. Wasu sunayen na mutanen da suka ƙirƙiro su ne: Axel Paulsen ɗan ƙasar Norwe ya fara nasa a 1882, Ulrich Salchow ɗan Suwidin wanda ya ci gasar duniya sau 10 ya bar wa nasa sunansa, haka ma Alois Lutz ɗan Ostiriya. Dukkansu da baya ake sauka, a kan ƙafa ɗaya. Biyar daga ciki da baya ake tashinsu, Aksal kaɗai ne ake tashi ana fuskantar gaba, don haka yake da ƙarin rabin zagaye a kan lissafinsa. Abin da ake kira Aksal huɗu a zahiri zagaye huɗu da rabi ne, shi ya sa ya fi kowane tsalle maki, 12.50.

Lokacin da ɗan wasa yake yi a sama bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ko da ya fi kowa iya tashi. Tun da ba zai iya tsawaita wannan lokacin sosai ba, abin da ya rage masa shi ne saurin juyawa. Yana tara ƙarfin juyawar tun yana ƙasa, da hannuwa da ƙafa a buɗe, yana barin ƙanƙara sai ya tattaro hannuwansa ya manne su a ƙirji, ya harɗe ƙafafu, jikin ya zama siriri a tsaye. Dokar da kika sani ce ta adana ƙarfin juyawa: idan nauyi ya matso kusa da tsakiyar juyawa, sauri sai ya ƙaru. Kina iya nuna wa ɗalibanki wannan da kujerar ofis mai juyawa. Ki zaunar da ɗaya ta riƙe littafi mai nauyi a kowane hannu ta miƙe su, a juya ta a hankali, sannan ta janyo littattafan zuwa ƙirjinta, nan take za su ga kujerar ta ƙara gudu ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Wurin sauka kuwa akasin haka yake yi, ya buɗe hannuwa da ƙafa ya tsayar da juyin, ya lanƙwasa gwiwa ya karɓi nauyin da ya ninka na jikinsa sau da dama a kan ƙafa ɗaya. Wannan ne ya sa ciwon idon sawu da gwiwa da ƙugu da baya suka zama ruwan dare a cikinsu, kuma da yawa suke barin gasa kafin su kai shekara 30.

Yadda aka hau wannan matakin a hankali yana da ban sha'awa. Dick Button ɗan Amurka shi ne ya fara Aksal biyu a gasar Olamfik ta 1948, kuma shi ne ya fara tsalle mai zagaye uku a ta 1952. Vern Taylor ɗan Kanada ya kawo Aksal uku a gasar duniya ta 1978, Kurt Browning, shi ma ɗan Kanada, ya yi tsalle mai zagaye huɗu na farko da hukuma ta amince da shi a gasar duniya ta 1988 a Budafes. Daga nan sai da aka jira har watan Satumbar 2022 kafin Ilia Malinin na Amurka, yana da shekara 17, ya sauka daga Aksal huɗu a cikin gasa.

Batun jiri kuwa sabo ne. Masu koyo jiri yana kwasarsu sosai, amma shekaru na maimaitawa tun ana yara suna koya wa ƙwaƙwalwa ta daina ruɗewa da saƙon da ruwan cikin kunne yake aika mata.

TAMBAYA: Malam, mun yi gardama da abokaina a makaranta. Wasu sun ce Malinin ne gwanin gwanaye a tarihin wasan, wasu sun ce wani ɗan Japan ne. In shi ne gwani, me ya sa bai ci lambar zinare ta maza a Milan ba? Daga ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Katsina.

AMSA: Ɗana, gardamarku ta dogara ne a kan ma'aunin da kuka ɗauka. Idan yawan lambar zinare ta Olamfik ake nufi, Gillis Grafström ɗan Suwidin ya ci sau uku a jere, a 1920 da 1924 da 1928, kuma har yau babu namijin da ya kamo shi a wasan mutum ɗaya. Karl Schäfer na Ostiriya ya ci a 1932 da 1936, Dick Button a 1948 da 1952, daga nan aka yi shekara 66 ba a sake samun wanda ya kare kambunsa ba sai Yuzuru Hanyu, ɗan Japan ɗin da abokanka suke nufi, wanda ya ci a Sochi ta Rasha a 2014 ya kuma ci a Koriya ta Kudu a 2018.

Labarin Hanyu ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Mutumin birnin Sendai ne, kuma yana cikin atisaye a kan ƙanƙara lokacin da babbar girgizar ƙasa ta watan Maris na 2011 ta afka wa yankin, ya fito da gudu da takalman zamiya a ƙafarsa, shi da iyalinsa suka yi kwanaki a matsugunin waɗanda bala'in ya shafa. Daga baya ya koma Toronto wurin koci Brian Orser, wanda shi kansa ya ci azurfa a Olamfik ta 1984 da ta 1988. Hanyu ne ya fara haye jimillar maki 300, a 2015. A watan Nuwambar 2017 ya ji mummunan rauni a idon sawu wajen atisaye, ya yi kimanin wata uku bai shiga gasa ba, ya dawo kai tsaye ya ci zinare. A Bejin a 2022, maimakon ya tsara wasan da zai tabbatar masa da lamba, sai ya sa Aksal huɗu a gaba, ya faɗi, ya ƙare na huɗu, kuma a watan Yulin shekarar ya bar gasa.

Wanda ya ci a Bejin shi ne Nathan Chen na Amurka, da jimillar maki 332.60. Shi ma ya taɓa ɗanɗana kuɗarsa, domin a 2018 an zo ana ganin zinare tasa ce, sai gajeren wasansa ya lalace ya tsinci kansa a matsayi na 17, ya dawo a dogon wasa ya jera tsalle shida masu zagaye huɗu ya ƙare na biyar.

Malinin kuwa ɗa ne ga 'yan wasa biyu da suka taɓa wakiltar Uzbekistan a Olamfik, su ne kuma suka horar da shi. Ya ci gasar duniya a Montiriyal a 2024, ya sake ci a Boston a 2025, inda ya kawo dukkan nau'o'in tsalle shida kowanne da zagaye huɗu a wasa guda. Ya zo Milan babu mai ja da shi, ya taimaka wa Amurka ta ci zinare a gasar ƙungiya, ya kuma jagoranci gajeren wasa. A dogon wasa abubuwa suka kwaɓe: Aksal ɗin da duniya take jira ya buɗe shi a sama ya sauko da guda ɗaya, ya faɗi sau biyu, ya gangaro matsayi na takwas. Mikhail Shaidorov na Kazakistan, wanda ya fito daga gajeren wasa a matsayi na biyar, shi ya ɗauki zinare, Yuma Kagiyama da Shun Sato na Japan suka ɗauki azurfa da tagulla. Ga Kazakistan wannan nasara tana da nauyi na daban, domin ɗanta Denis Ten, wanda ya ci tagulla a 2014 ya kuma jawo hankalin yaran ƙasar zuwa wasan, ɓarayin madubin mota ne suka daɓa masa wuƙa ya mutu a birnin Almati a 2018, yana da shekara 25.

In ka nemi ra'ayina, a fagen tsalle ba a taɓa yin kamar Malinin ba, kuma shekarunsa sun ba shi damar sake gwadawa a 2030. Amma wasan ba tsalle kaɗai ba ne, kuma wanda ya fi kowa haɗa tsalle mai wuya da laushin zamiya da bin kiɗa, ya kuma yi nasara a ranar da ake bukata har sau biyu, shi ne Hanyu. Ni a wurinsa nake ajiye kambun.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma duk wasan da mutum ne zai zauna ya ba da maki ba na sakin jiki da shi. A ƙwallo raga ce shaida, a tsere agogo ne. Me zai hana waɗannan alƙalai su yi son kai? Daga wani dattijo a Rafindaɗi, Katsina.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya, zarginka yana da tushe. A tsohon tsari kowane alƙali yana ba da maki ne daga cikin 6.0, kuma abin da ake dubawa shi ne yadda ya jera 'yan wasan, wane na ɗaya wane na biyu. A gasar Olamfik ta 2002 a birnin Solt Lek na Amurka, a wasan mace da namiji, aka ba 'yan Rasha zinare a kan 'yan Kanada da ƙuri'a biyar da huɗu, sai magana ta fito cewa an matsa wa alƙaliyar Faransa lamba ta zaɓi Rasha. Abin ya yi tsamari har aka ba 'yan Kanada su ma lambar zinare, aka dakatar da alƙaliyar da shugaban hukumar wasan na ƙasarta na shekara uku. Wannan abin kunya ne ya haifi tsarin lissafin da na bayyana a sama, wanda aka amince da shi a 2004 aka kuma fara amfani da shi a Olamfik a Turin a 2006.

Sabon tsarin ya rage ɓarna, domin ana wallafa takardar makin kowane ɗan wasa dalla-dalla, kuma tun 2016 ana nuna makin da kowane alƙali ya bayar da sunansa. Bai kashe gardama ba dai. A Bankuba ta Kanada a 2010, Evan Lysacek na Amurka ya ci zinare ba tare da ya yi tsalle mai zagaye huɗu ko ɗaya ba, ya doke Evgeni Plushenko na Rasha wanda ya yi, kuma Plushenko bai ɓoye fushinsa ba. Bayan wannan aka ƙara wa irin wannan tsalle maki. Inda son kai yake iya laɓewa har yanzu shi ne kashi na biyu na makin, na tsari da gabatarwa, inda sunan da ɗan wasa ya riga ya yi kan yi masa aiki.

TAMBAYA: Shin babu doka a kan irin tufafin da suke sawa? Kuma na ga wani ya yi alkafura ta baya, an ce da haramun ce a wasan. Daga wata mai karatu a Sabon Layi, Katsina.

AMSA: 'Yar'uwa, akwai doka. Ta tanadi cewa tufafi su kasance na mutunci, kada su nuna tsiraici da yawa, kuma dole namiji ya sa dogon wando. Wanda ya saɓa, ko wani abu daga kayansa ya faɗo kan ƙanƙara, ana cire masa maki. Kiɗa kuwa ɗan wasa ne da kocinsa suke zaɓa, kuma sai daga 2014 aka yarda a sa mai muryar mawaƙi a ciki. Alkafurar baya an hana ta ne bayan Terry Kubicka na Amurka ya yi ta a Olamfik ta 1976, saboda haɗarinta, aka yi kusan shekara 50 ana cire maki ga duk wanda ya yi. Adam Siao Him Fa na Faransa ya yi ta da gangan a gasar nahiyar Turai ta 2024, aka cire masa makin, duk da haka ya ci gasar. A shekarar aka ɗage hanin, sai dai ba ta cikin tsalle shida masu makin kansu.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 12 ya ƙwallafa rai a kan takalmin taya, kullum yana kan kwalta shi da abokansa, yanzu kuma da ya ga wannan wasa ya ce shi zai yi. Yaya ake samun ƙanƙara a cikin ɗaki ba ta narke ba? Akwai ɗan Afirka da ya taɓa yi, kuma akwai hanyar da yaro daga nan zai bi? Daga wata uwa a Daura.

AMSA: Hajiya, ƙanƙarar ba daga sama take faɗowa ba, yin ta ake yi. A ƙarƙashin daɓen siminti an shimfiɗa bututu masu yawa da wani ruwan sanyi yake zagayawa a cikinsu, manyan injina suna sanyaya shi dare da rana. Ana fesa ruwa a kan daɓen sannu a hankali, shafi bayan shafi, har ya daskare ya kai kaurin 'yan santimitoci, a riƙe shi a ma'aunin sanyi kaɗan ƙasa da sifili, domin masu tsalle sun fi son ƙanƙara mai ɗan laushi a kan ta 'yan wasan hoki. Bayan kowane rukuni ko biyu sai wata mota ta shiga ta kankare saman ta zuba ruwan ɗumi ya sake daskarewa sumul. Frank Zamboni ne ya ƙera ta a Kalifoniya a 1949, kuma da sunansa ake kiranta.

Saboda haka zafin ƙasa ba ya hana a yi, akwai irin wannan dandali a Dubai da Nairobi da wasu biranen Afirka ta Kudu. Michael Christian Martinez na Filifin a dandalin wani babban kantin sayayya ya koya, ya kai Olamfik ta 2014. Donovan Carrillo na Meziko shi ma ya yi shekaru yana atisaye a irin wannan wuri a birnin Leyon, a tsakiyar masu zuwa shaƙatawa, kuma ya kai dogon wasa a Bejin a 2022. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta daɗe a harkar, tun 1960 ta tura 'yan zamiya Olamfik. Nijeriya kuwa sai a 2018 ta fara halartar Olamfik ta hunturu, da mata uku a tseren amalanken ƙanƙara da kuma Simidele Adeagbo a tseren amalanken mutum ɗaya, sannan Samuel Ikpefan ya wakilce ta a tseren dusar ƙanƙara a 2022. Dukkansu a ƙasashen waje suka samu horonsu.

Ba zan yi miki romon baka ba, hanyar tana da wuya ƙwarai. Wasan folo baƙo ne da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shigo da shi ya zauna daram har Katsina ta yi suna da shi, amma ya tarar da dawaki da mahaya da fili a ƙasa. Wannan kuwa yana bukatar wutar lantarki da ba ta ɗaukewa ko na awa ɗaya, da koci ƙwararre, da takalman da na manyan 'yan wasa kan kai dala dubu ko fiye, kuma ba sa daɗewa. Ga batun shekaru: Chen yana da shekara 3 ya fara, Hanyu yana da 4, kuma yaron da zai kai matakin duniya yawanci ya riga ya fara tsalle mai zagaye uku a shekarun ɗanki. Hukuma ta kuma sa shekara 17 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya, kuma ƙasa ba ta samun gurbi sai ɗan wasanta ya cika wani adadin maki a gasar ƙasa da ƙasa.

Takalmin tayan da yake hannunsa kuwa wasa ne mai zaman kansa, da gasar duniya da hukumarsa, kuma Kolambiya, ƙasar da ba a san ta da wasannin hunturu ba, ta yi fice a tserensa. Daga kan taya ne Chad Hedrick da Erin Jackson na Amurka suka koma tseren gudu a kan ƙanƙara suna manya, Hedrick ya ci zinare a 2006, Jackson ta ci a tseren mita 500 a 2022. In yaron yana da rabo a ƙanƙara, ta wannan ƙofar ya fi kusa. Kafin nan ki saya masa hular kwano da abin kare gwiwa da gwiwar hannu, ki nema musu fili mai sumul kamar harabar makaranta bayan an tashi, ki kuma hana shi bin babbar hanya ko kama bayan mota da Keke Napep yana zamiya.